Matakalar Na-Dogo

Shekara biyar ke nan da aka toshe titin unguwarmu da langa-langa, aka ce za a gina mana tashar jirgin ƙasa, irin wanda ke kwasar ma'aikata da safe ya maido su da yamma. Wata goma sha takwas aka ce aikin zai ci. Jariran da aka haifa a makon da aka sauke bulon farko, yanzu sun iya rashin kunya.

Kada mu ɗauki alhaki, ba za a ce ba a yi komai ba. An shimfiɗa layin dogo. An gina dandamalin hawa jirgi, aka ce ya yi tsawo, aka rushe, aka sake ginawa, ya yi gajere. Ɗan kwangila na farko ya tafi, na biyu ya zo ya ce aikin na farko shirme ne, na uku ya zo ya ce shi na biyun ma bai san damansa da hagunsa ba. A cikin wannan hidima ne aka yi mana gadar sama ta masu tsallakawa da ƙafa. Gada ce mai kyau, shuɗiya. Ta taso daga tsallake da matakalarta tsaf, ta haye layin dogo, ta iso daidai bakin titinmu, sai ta tsaya cak a sama kamar baƙon da ya zo sallama ya manta sunan maigida. Matakalar ɓangarenmu kuwa, an ce tana hanya. Shekara biyu tana hanya.

Ga shi kasuwa a tsallake take, asibiti a tsallake, makaranta ma haka. Tafiyar da a da minti biyar ce, yanzu sai mutum ya zagaya ta bayan masaƙa, minti hamsin in yana da lafiyar ƙafa.

Gida na huɗu daga gadar akwai wani mai walda da ake kira Na-Dogo. Sunan ya samo asali ne daga bakinsa, domin ba ya iya jera magana uku bai ce "lokacin da nake aikin dogo" ba. Waɗanda suka san shi tun yana saurayi sun ce gaskiya ne, ya yi aikin dogo: kwana tara ya yi yana riƙe wa wani mai walda lema a bakin layi. Shi ya yi wa Tela ƙofar shago, wadda mutum biyu ke buɗewa, rufewa kuma sai uku.

Matarsa malama ce a makarantar da ke tsallake. Tana da ciwon gwiwa, kuma kullum sai ta yi wannan zagaye, zuwa da dawowa, da jakar littattafan ɗalibai a kafaɗa.

Wata Litinin da safe ta wuce ta gaban teburin Mai Shayi tana ɗingishi. Mai Shayi ya bi ta da kallo, ya ɗaga kai ya dubi gadar, ya yi tsaki.

"Allah ya isa tsakaninmu da masu wannan aiki," in ji shi.

Na-Dogo yana zaune a kan benci, ya ajiye kofi da ƙarfi. "Matakala ce fa! Matakala, ba jirgin sama ba. Ƙarfe biyu a tsaye, ashirin a kwance, shi ke nan. Lokacin da nake aikin dogo, irin wannan kafin shayi ya huce mun gama."

"Shayin wa? Don nawa dai ya huce a gabanka tun ɗazu, ban ga ka gama komai ba."

Mai Aski yana gefe. Shi kuwa irin mutanen nan ne da in suka ga mutum a bakin rijiya sai su fara yabon iya tsallensa. Ya gyara zama ya ce, "Kai Mai Shayi ka cika baƙin ciki. Allah ya ba unguwa injiniya a kyauta, kuna zaune kuna jiran wasu can masu hular roba. Ranka ya daɗe, kwana nawa za ta ɗauke ka?"

"Uku."

"Uku!" Mai Aski ya dafe ƙirji. "Kun ji maza."

"Na ukun ma don fenti ne," in ji Na-Dogo.

Nan take ya miƙe, ya tako tsakiyar titi, ya rufe ido ɗaya, ya miƙa babban yatsa wajen gadar. Ya ja da baya, ya matso, ya gyaɗa kai. Tela ya fito daga shago da tef ɗinsa a wuya ya ce, "Ga tef, in za ka auna."

"Tef na masu shakka ne. Idona ya riga ya auna."

"Idon da ya auna ƙofata?"

"Ƙofarka lafiyarta ƙalau. Shagonka ne ya karkace."

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Wasu suka yi dariya, amma mutumin da ya shekara biyar yana zagaye, ko mahaukaci ya ce zai rage masa hanya sai ya tsaya ya saurara. Da Na-Dogo ya fara bi gida-gida neman ƙarfe, aka ba shi. Wannan ya kawo tsohon ƙarfen taga, wancan ya kawo ƙashin keken ɗinki, wata tsohuwa ta ba da ƙafafun kujerar marigayi mijinta tana sa albarka. Mai Aski ya ba da shawara. Mai Shayi ya ce shi teburinsa na katako ne, kuma ya gode wa Allah da hakan.

A tsakar gidansa ya kafa aikin, ba a bakin titi inda ya saba ba. Ya ce kada 'yan leƙen asirin kamfani su saci fasaha.

Ranar Talata ya lura ba shi da dogayen ƙarafa masu ƙwari da za su riƙe gefe da gefe. Ya zagaya gida yana neman dabara, ya leƙa ɗaki, sai idonsa ya faɗa kan gadon Malama. Gadon ƙarfe ne na da, mai rumfa, irin wanda ba a ƙera shi yanzu. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ji amo, ya ce, "Ashe kana nan."

Da la'asar Malama ta dawo, ta shiga ɗaki don ta miƙe ƙafa. Ta tarar da katifa a ƙasa. Ta fito a hankali.

"Maigida."

"Na'am, Malama. Sannu da dawowa."

"Ina gadona?"

"Yana nan, bai je ko'ina ba. Tsayuwa kawai ya yi." Ya nuna mata da sandar walda. "Shekara talatin yana kwance ba ya amfanar kowa sai mutum biyu. Yanzu ya miƙe zai yi wa al'umma aiki."

Ta dubi abin da ke jingine a bango. Ga ƙafar keken ɗinki, ga ƙarfen taga, ga furannin ƙarfen da ke kan gadon mahaifiyarta sun koma mariƙin hannu.

"Gadon da Inna ta bar mini."

"Saboda gwiwarki fa nake wannan wahala."

"Gwiwata ta gode. Bayana kuma da zai kwana a siminti ya ce in gaishe ka."

"Jibi war haka minti biyar za ki yi ki kai makaranta. Ki rubuta ki ajiye."

"Ba sai na rubuta ba," in ji ta. "Duk abin da ka faɗa tun ranar da aka kawo ni gidan nan ina riƙe da shi. Wuri ne ya kusa ƙarewa."

Ranar Alhamis da hantsi, bayan Malama ta tafi aiki, maza takwas suka taru a tsakar gidan don ɗaukar matakala. An shafe ta da jan fenti, wanda bai gama bushewa ba. Na-Dogo ya fito sanye da hular kwanon babur, da usur a wuya. Suka ce bismilla, suka ɗaga, suka nufi ƙofa. Matakala ta ce ba ta san zancen ba. Suka juya ta a kaikaice, ta ƙi. Suka kwantar da ita, suka tayar, ta ƙi. Faɗinta ya fi ƙofar da kamu guda, tsawonta kuma ba ya barin a karya kwana a zaure.

"A yanka ta biyu, a haɗa a waje," in ji Tela.

"Ba a yanka aikin injiniya. Riga ce?"

"To sai mu ɗauko gadar mu kawo mata nan," in ji Mai Shayi daga bakin ƙofa, inda ya tsaya kallo da buta a hannu.

Mai Aski ya dubi katangar da ta raba tsakar gida da titi, ya ce kamar da wasa, "Da dai bangon nan ba ya nan."

Na-Dogo ya juyo ya dube shi da girmamawa. "Kai kaɗai ke da kai a unguwar nan. Bulo shida za mu cire. A kawo guduma."

Ya cire bulo shida. Na bakwai ya biyo su don kansa. Sai katangar ta yi wata ƙara kamar tsoho zai tashi daga tabarma, ta yi gaba gaba ɗayanta, ta zube a titi. Da ƙura ta lafa, aka ga ashe banɗakin gidan da ita ya jingina. Ga shi nan a fili, da butarsa da sabulunsa da zanin Malama a rataye, yana kallon jama'a, jama'a na kallonsa.

"Dama na yi niyyar sake ginin," in ji Na-Dogo. "Ku ɗauka mu je."

Ya shige gaba yana tafiya da baya-baya, yana fuskantar masu ɗauka, yana busa usur. "Dama! Ku yi dama!" Suka yi damansu. Shi kuwa damansa yake nufi. Wutsiyar matakala ta share teburin Mai Shayi tas: kofuna, gwangwanayen madara, ƙwai tire guda.

"Na ce dama!"

"Daman wa?" masu ɗauka suka haɗa baki.

Mai Shayi ya rugo wurin. Ya tsaya yana duban ƙwan da ke malala a ƙasa, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya mayar da shi aljihu.

Kafin su kai gindin gada rabin unguwa ta fito. Mata a ƙofofin gida, masu shaguna sun bar ciniki, tsohuwar nan mai ƙafafun kujera an kawo mata kujera ta zauna a gaba. Aka ɗaura igiya, aka ja, aka tura, matakala ta miƙe tana rawa. Kowa ya ɗaga kai.

Tsakanin ƙarshenta da bakin gadar, mutum zai tsaya a tsaye har ya ɗaga hannu bai taɓa ba.

Sai Tela ya cire tef daga wuyansa, ya naɗe shi a hankali, ya sa a aljihu. "Na masu shakka ne," ya ce.

"Gadar ce ta yi tsawo," in ji Na-Dogo. "Ranar Litinin ba haka take ba. Sun ji labari sun ɗaga ta."

"Su wa? Shekara biyu ko tsintsiya ba su ɗaga ba a wurin nan."

"A kawo durom!"

Aka mirgino durom biyu na ruwa daga bayan shagon Mai Aski, shi yana cewa a yi a hankali. Aka kwaso bulo daga gawar katanga aka jera a kansu. Aka ɗora matakala a bisa, maza shida suka riƙe. Yanzu saura kamar tsawon hannu.

"Wannan gibin da gangan na bar shi," in ji Na-Dogo. "Ƙarfe yana buɗewa in ya ji rana. Ku da ba ku yi aikin dogo ba ba za ku gane ba."

"To wa zai fara hawa?" wani ya tambaya.

Kowa ya dubi Mai Aski. Mai Aski ya ce ai ba a shiga gaban mai abu.

Na-Dogo ya gyara hular kwano, ya tofa yawu a tafi, ya fara hawa. Matakala tana kuka, kowane taki da irin muryarsa. Taki na tara, wanda aka yi da ƙarfen taga, ya lanƙwashe ya bar shi da takalmi ɗaya. Bai tsaya ba. Ya kai ƙarshe, ya miƙa hannu ya kama bakin gada, ya ɗora ciki, ya yi ta harbin iska. A harbi na uku ƙafarsa ta sami abin tokarawa, ya tokara da iya ƙarfinsa, ya haye.

Abin da ya tokara ɗin matakalar ce.

Ta yi baya a hankali, cikin natsuwa, kamar mai neman wurin zama. Maza shida suka tuna suna da iyali, suka watse. Ta faɗi rigijib a gicciye, kanta ya cusa cikin langa-langar kamfani, ƙafarta ta sarƙe da wayar turken lantarki, cikinta ya kwanta a kan tulin bulon da aka kwaso daga katanga. Durom ɗaya ya gangara ya shige shagon Tela, ta ƙofar da aka bari a buɗe don ba a sami mutum uku ba.

Da aka tabbatar ba wanda ya ji rauni, sai aka ɗaga kai. Na-Dogo yana tsaye a bakin gada, gabansa duk jan fenti, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a! Kun shaida! Ni ne mutum na farko da ya hau gadar nan daga ɓangarenmu!"

"Mun shaida," in ji Mai Shayi. "Sauko mu yi maka barka."

Na-Dogo ya dubi ƙasa. Ya ja da baya taki biyu. "Ta tsallake zan sauka. Ku dafa shayi, yanzu zan zagayo."

Ya juya ya bi gadar da ɗingishi. Ba a jima ba ya dawo. A can ƙarshen, a saman matakalar kamfani, akwai ƙofar ƙarfe an naɗe ta da sarƙa da kwaɗo kamar kan jariri, an sa ta don kada wani marar hankali ya hau ya faɗo ta ɓangarenmu.

"Ya ya?" aka tambaye shi.

"Ina duba ingancin aikin ne. Akwai gyara."

Rana ta take. Gadar ƙarfe ce, ba rumfa. Ya tsaya da ƙafa mai takalmi, ya gaji, ya cire hular kwano ya taka. Aka nemo tsani mafi tsawo a unguwa, bai kai rabi ba. Aka ce a shimfiɗa katifa ya diro, ya ce shi ba tsoro yake ji ba, amma injiniya ba ya barin wurin aiki sai ya miƙa rahoto.

Yana nan har aka tashi daga makaranta. Malama ta fito, ta hango mutane a tsallake sun yi cirko-cirko suna kallon sama, ta hango wanda suke kallo. Ta hau matakalar kamfani da gwiwarta, taki ɗaya hutu ɗaya, har ta kai ƙofar mai sarƙa. Ya taho ya tsaya ta ciki, ita ta waje, kamar ranar ziyara a gidan yari.

"Sannu da aiki, Maigida."

"Yauwa, Malama. Kin ga dai na hau."

"Na gani." Ta zaro gorar ruwa daga jaka ta miƙa masa ta tsakanin ƙarafa. Ya shanye tas. Ta ciro hankici ta ba shi ya goge fuska, tana kallon ƙafarsa da ta yi ja. Sai ta ɗaga ido ta hangi unguwa daga sama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta daɗe tana kallo.

"Maigida, wancan gidan na huɗu, wanda ba shi da katanga, ake hango banɗakinsa. Na wace marar sa'a ne?"

Kafin ya haɗa amsa sai aka ji hon, mai kauri, daga bakin titinmu.

Wata doguwar mota ce ta karyo kwana. A bayanta, a kwance, an ɗaure da sarƙoƙi, ga matakala shuɗiya, sabuwa fil, launinta ɗaya da gadar. Bayanta motar ƙugiya mai ɗaga kaya, bayanta kuma ƙaramar mota. Matakalar da ta shekara biyu a hanya ta iso.

Unguwa ta kaure da sowa. Tsohuwar nan ta miƙe tana rangaɗa guɗa. Malama ta dafe sarƙar ƙofa ta ce, "Alhamdu lillahi," ta juya ta fara sauka da sauri don ta zagayo ta gani da idonta.

Doguwar mota ta taho, ta taho, ta tsaya. Gabanta tulin bulo, bisa tulin kuma jan dodon Na-Dogo ya gicciye titi daga bango zuwa bango.

Daga ƙaramar motar wata mata ta fito da hular aiki ta gaske da takardu a hannu, injiniyar kamfani. Ta dubi abin da ke kwance. Ta zagaya shi. Ta taɓa ƙafar keken ɗinki.

"Mene ne wannan?"

"Matakala ce, ranki ya daɗe," in ji Tela.

"Wa ya ce?"

Yatsu kamar ɗari suka nuna sama. Mai Aski ya fi kowa miƙa hannu. "Mun hana shi, ranki ya daɗe. Ni da bakina na ce masa a jira hukuma."

"Sannu abokiyar aiki!" Na-Dogo ya ƙwala daga sama. "Kun makara, amma ba komai. Akwai wasu kurakurai da na gani a nan, in na sauko sai mu zauna."

Injiniya ta rufe ido na ɗan lokaci. Mai Shayi ya matso ya ce, "Ranki ya daɗe, ki ba da makullin waccan ƙofar ya sauka ta can, mu kuma a kafa mana abinmu."

"Makullin yana hannun ɗan kwangila na biyu."

"To a kira shi."

"Muna kotu da shi."

"A fasa kwaɗon mana."

"Kwaɗon yana cikin kayan shaida." Ta duba agogo. "Ku saurara. Motar ƙugiyar nan awa uku aka ba mu ita. Wata bakwai muna layi kafin ta zo kanmu, daga nan kuma wata tashar za ta wuce. Kafa matakala awa biyu da rabi ne, in titi a buɗe yake."

Maza suka yi kan tulin bulo da hannu, mata suka fito da kwanuka da bokitai ana kwasa. Ba a taɓa ganin unguwarmu ta haɗa kai irin na ranar ba. Amma jan dodon ya ƙi motsi. Duk abin da Na-Dogo ya ƙera a rayuwarsa yana ɓallewa, wannan kaɗai ya kama da kyau. Ga shi ya sarƙe da wayar lantarki, direban ƙugiya ya rantse ba zai taɓa ba sai an yanke wuta. Kafin a samo mai yankewa awa guda ta wuce. Kafin a zare shi daga langa-langa a ɗaga a ajiye gefe, an ci wani minti arba'in.

"Yanzu a kafa!" jama'a suka yi ihu.

"Ba na kafa ƙarfe da mutum tsaye a inda zan kafa," in ji direban ƙugiya. "A sauke shi tukuna."

"A bar shi a can!" in ji wata murya. Muryar ta yi kama da ta Mai Aski.

Aka ɗaura bokitin kwaɓa siminti a ƙugiya aka miƙa masa. Na-Dogo ya leƙa ciki, ya ce wannan bai dace da matsayinsa ba. Injiniya ta ce to a janye. Ya faɗa ciki tun ba ta rufe baki ba. Aka ɗago shi sama, bokiti yana juyawa da shi a hankali, yana nuna wa kowane ɓangare na unguwa fuskarsa bi da bi. Ya ƙanƙame sarƙa, idonsa a rufe, yana karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Da bokitin ya taɓa ƙasa sai ya buɗe ido, ya ce wa direban, "Hannunka yana rawa. Lokacin da nake aikin dogo..."

Direban ya kashe inji, ya nuna agogo. Saura minti talatin da biyar.

Aka roƙe shi. Tsohuwa ta kira shi ɗanta. Mai Shayi ya yi masa alkawarin shayi kyauta har ƙarshen rayuwarsa. Direban ya ce shi ma ɗan aike ne, in ya makara a can, aikinsa ne zai tafi.

"To ku sauke mana ita a nan," in ji Tela, "ta jira ku."

"A bar ta kawai," in ji Na-Dogo yana fita daga bokiti. "Ni zan kafa. Kwana ɗaya."

Abin da unguwa ta amsa masa da shi ba zai rubutu ba.

Injiniya ta ce ba za a bar kayan kamfani a titi ba, musamman wannan titin. Ta ƙara da cewa tunda wani ya hau gadar ba izini, har ya jingina mata abin da ba a san sunansa ba, dole kwamiti ya zo ya duba lafiyarta kafin a ɗora mata komai.

"Yaushe ke nan?"

"Wata huɗu. In kwamitin ya zauna."

"In bai zauna ba fa?"

Ta shiga mota ta rufe ƙofa.

Doguwar mota ta fara ja da baya, tana ƙara irin ta motocin da ke ja da baya. Daidai lokacin Malama ta ɓullo daga kwanar masaƙa, gumi ya jiƙa mata mayafi, saurin da ta fara da shi ya tayar mata da ciwon gwiwa, sai da ta yi fiye da awa biyu a zagayen nan. Ta matsa gefe ta ba motar hanya. Matakala shuɗiya ta wuce ta gabanta, kusa har za ta iya taɓawa. Ta tsaya tana kallonta har ta sha kwana.

Sai Na-Dogo ya yi gyaran murya.

"Ku dai ku faɗi gaskiya. Shekara biyu ba su kawo ta ba. Na yi aikin kwana uku, tsoro ya kama su, ga ta sun kawo. Wa ya jawo?"

Mai Shayi ya fara naɗe hannun riga. Malama ta ɗaga masa hannu.

"Bar shi, Mai Shayi. Nawa ne." Ta sauke jakar littattafai daga kafaɗa, ta rataya wa mijinta a wuya. "Daga gobe kai za ka riƙa ɗaukar wannan, ka kai ni ka dawo da ni, har ranar da aka kafa waccan. Tsakanin kaiwa da ɗaukowa kuma ka gina katanga. Tela zai auna."

Washegari da safe suka fito, ita a gaba, shi a baya da jaka, yana taka ƙafar da ta ƙone a hankali. Duk ƙofar da suka wuce sai an gaishe shi. "Injiniya, an fito duba aiki?" "Ranka ya daɗe, yau ta sama ko ta ƙasa?" Yana amsawa da ɗaga hannu, kamar mai zagayen godiya.

Bayan sun wuce masaƙa akwai wani kwalbati da ruwan sama ke bi ta ƙarƙashin layin dogo. Na-Dogo ya rage tafiya. Ya tsaya. Ya sunkuya ya leƙa, ya hango haske ta ɗaya bakin.

"Malama, kin ga wannan? Da za a ɗan faɗaɗa shi, a haƙa kamar kamu huɗu..."

Ba ta ko waiwayo ba.

"Haƙa, Maigida. Wallahi wannan karon duk unguwa za ta taya ka. Kai ka fara shiga, mu sai mu mayar da ƙasa."

Ya miƙe, ya gyara jakar a kafaɗa, ya bi bayanta.